Kujerun Aro

Litinin, 1 ga Satumba

Na kai takardun Baba ofishin tallafin jinya. Layin ya sauko tun daga hawa na biyu har ƙasan bene, sai da ƙafafuna suka yi tsami kafin a zo kaina. Wata mata ce mai tabarau a bayan teburin, ba ta dariya, ba ta kuma faɗa. Ta jujjuya takardun ta ce, "Wankin ƙoda?" Na ce eh, mahaifina ne. Ta ce in an amince, gwamnati za ta ɗauke kuɗin wankin da na magani, amma sai an zo gida an ga yadda muke zaune tukuna. Ita da kanta za ta zo, Alhamis ta sama.

To su zo su gani. Me ya rage a gidan? Motar da Baba ya tsufa yana haya da ita ce ta fara tafiya, firij ya bi ta, sai talbijin, sai keken ɗinkin Inna, sai kujerun falo. Wanda ya sayi kujerun ma cewa ya yi sai an haɗa masa da labulen ƙofa, wai launinsu ɗaya. Tun ranar Inna take rufe ƙofar falo ruf, duk wadda ta zo a bakin ƙofa ake gaisawa a sallame ta. Wai an kai kujerun gyara.

Yau dai na ji kamar an ɗan sassauta min igiyar da ke wuyana.

Talata, 2 ga Satumba

Asibiti. Baba ba ya cewa wanki, "sabis" yake cewa, irin nasu na direbobi. "Auta, tashi mu je a juye min baƙin mai." Yana dariya, ni kuwa ƙafarsa nake kallo, ta kumbura har takalmin ya bar shata.

Sau biyu a mako likita ya ce. Tun watan jiya sau ɗaya muke iyawa, ranar Juma'a sai mu yi kamar mun manta. Sista mai kula da ɗakin wankin ta ja ni gefe ta ce ba za ta ɓoye min ba, mutane suna nan a layi suna jiran gado a kan na'urar, in muka ci gaba da tsallake rana za a ba wani gurbin Baba. Na ce mata tallafi yana hanya. Ta ce Allah ya sa, amma ba ta kalle ni ba da ta faɗa.

Alhamis, 4 ga Satumba

Yaya ya turo saƙon murya daga can inda yake aiki. "Ana nan ana ƙoƙari." Na san yana yi. Amma na gaji da jin wannan jimlar.

Lahadi, 7 ga Satumba

Na faɗa wa Inna zancen zuwan matar. Tana tsintar shinkafa, sai ta tsaya.
"Daga gwamnati?"
Na ce eh.
"Har cikin nan za ta shigo?"
Na ce ai shigowar ce aikinta, Inna. Kada ki yi komai, ki bar gidan yadda yake, abin da take son gani ke nan.
Ta ce, "Uhm," ta ci gaba da tsintarta.

Ogana a gidan burodi ya ce ba zai ba ni ranar Alhamis gaba ɗaya ba, mai kwaɓa ɗaya ba shi da lafiya, burodin safe kuma ba ya jiran kowa. Zai sake ni da azahar. Matar ta ce da yamma za ta zo, saboda haka babu damuwa.

Alhamis, 11 ga Satumba

Bari dai in rubuta, in ban rubuta ba zan fasa wani abu, kuma babu abin fasawa a gidan nan da yake namu.

Na taho daga gidan burodi ko fulawar hannuna ban wanke ba. Tun daga bakin layi na hango labule a ƙofarmu, ruwan zuma mai furanni, iska tana kaɗa shi. Na ɗauka ɓatan kai na yi. Na ɗaga labulen, sai ƙamshin turare ya doke ni.

Kujeru uku manya, na matar mai walda ne, na san su. Kafet ɗin malamar makaranta. Firijin mai shago a lungu, an jona shi yana ta gurnani. Talbijin a kan teburi an yafa masa ƙyalle mai aiki, ko waya ba a haɗa masa ba. Baba a hakimce a kujerar tsakiya cikin rigarsa ta fita unguwa, an tayar da wuyan rigar ya rufe robar wankin ƙoda da ke wuyansa. Ita kuma mai tabarau ta riga ni zuwa, tana zaune, ga lemo mai sanyi da biskit a faranti a gabanta.

Ina tsaye kamar an dasa ni na ji tana tambayar Baba yaya jikin.
"Lafiya lau, ranki ya daɗe. Ai na ji sauƙi, yaran nan ne da ɗaga hankali."
Ta juya wajen Inna, ta ce kuna samun abinci da magani yadda ya kamata?
"Alhamdu lillahi, 'yata, ba mu rasa komai ba. Sha lemon mana kada ya huce."

Ta ɗaga waya ta ɗauki hoton firij, ta ɗauki kujeru, ta ɗauki talbijin. Na buɗe baki na ce, "Hajiya, duk na aro ne." Inna ta yi wata dariya da ban taɓa jin irinta ba, ta ce, "Autata ke nan, akwai son wasa." Sannan ta kalle ni. Na san kallon tun ina yarinya. Ta yaya zan ƙaryata uwata a gaban baƙuwa? Ina ji ina gani matar ta rufe jakarta ta yi sallama.

Ko kwanar layi ba ta sha ba na fara. Ban san duk abin da na faɗa ba. Na tuna dai na ce, "Kin sayar da ran Baba a kan kujera uku." Baba ya daka min tsawa, tari ya sarƙe shi. Inna ba ta ɗaga murya ba. Tana naɗe ƙyallen talbijin ta ce, "Tun da na shigo gidan nan baƙo bai taɓa ganin gindin tukunyata ba. Ba kuma a kan ma'aikaciyar gwamnati za a fara ba."

Kafin magariba masu kaya sun aiko an kwashe. Ta ce musu baƙi ne suka zo daga dangin Baba.

Juma'a, 12 ga Satumba

Ba mu je asibiti ba. Ba ma magana da Inna.

Talata, 16 ga Satumba

Na sayar da 'yan kunnena, an yi sabis ɗin yau. Da aka ɗora shi a sikeli Sista ta girgiza kai, ta ce ruwa ya taru da yawa. Baba ya ce mata tankinsa babba ne. Ba ta yi dariya ba, ni ma haka.

Laraba, 17 ga Satumba

Saƙo ya shigo ina gaban tanda. "Bayan ziyarar gida, an gano iyalin ba su cika sharuɗɗan tallafi ba." Na karanta, na mayar da wayar aljihu, na ci gaba da fitar da tire. Sai da mai kwaɓa ya ce, "Ke, hannunki!" sannan na ga na kama ƙarfen ba tsumma.

Alhamis, 18 ga Satumba

Na koma ofishin da hannu a naɗe. Na sake bin layin nan. Da na zo gabanta ta gane ni. Na ce mata wallahi tallahi duk abin da ta gani na maƙwabta ne, ko cokalin da ke kan farantin ba namu ba ne.

Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta mayar. Ta ce, "Kin san me nake gani a aikin nan? Kafin in zo mutane ɓoye kaya suke yi. Na ga firij a bayan banɗaki an rufe shi da tabarma. Na ga talbijin a ƙarƙashin gadon mara lafiya. Amma wanda zai aro kaya don ya nuna min yana da hali, ban taɓa ji ba sai a bakinki."

Na ce ai ba ki san uwata ba ne.

Ta ce ina da damar ɗaukaka ƙara sau ɗaya. Za ta sake zuwa, wannan karon ba sanarwa. Amma in sani, falo ba kaya ba shaida ba ne, kowa yana iya kwashe falonsa. In kuma ta ga alamar an shirya mata ne, za a rufe fayil ɗin, sai baɗi. Na sa hannu. Baɗi. Ko ta san abin da baɗi yake nufi ga mai ciwon ƙoda?

Asabar, 20 ga Satumba

Baba ya daina iya kwanciya. A zaune yake barci, an jera masa filo a jikin bango, numfashinsa kamar ana jan zarto a jiƙaƙƙen katako. Da rana ina shafa masa mai a ƙafa, in na danna yatsa ramin sai ya zauna.

Ya ce, "Auta."
Na ce na'am.
"Rigar nan ta ranar Alhamis ni na sa ta da hannuna. Turaren ma ni na ce a fesa. Me ya sa Innarki kaɗai kike wa fushi?"
Na ce shi ba shi da lafiya.
Ya ce, "Ita kuma lafiyarta ƙalau, ko?"

Inna tana ajiye min abinci a rufe a bakin ɗakina, in ci in wanke kwanon in mayar, shi ke nan maganarmu. Ita ban ga lokacin da take ci ba.

Litinin, 22 ga Satumba

Sista ta kira. Daga sama aka ba ta umarni, in Juma'ar nan ba mu zo da kuɗin wanki ko takardar tallafi ba, gurbin ya tafi. Ta ce ta yi iya yinta. Na yarda da ita.

Na yi ta juya abin a kaina a wurin aiki har na ƙona tire guda, Oga ya yi ta faɗa. Hanya ɗaya ce. Dole mai tabarau ta ga kujerun da firijin a ɗakunan masu su, da idonta. Da na dawo na tsaya a ƙofar kicin na faɗa wa Inna, ina kallon bango, maganata ta farko da ita tun ranar.

Ta ce, "Wato a bi gida gida a ce ni maƙaryaciya ce."
Na ce ni zan kai ta, ba sai kin fito ba.
Ta ci gaba da goge tukunyar da ta riga ta fita tas.

Talata, 23 ga Satumba

Ba a yi sabis ba. Babu abin sayarwa. Duk motar da ta tsaya a layi sai gabana ya faɗi.

Laraba, 24 ga Satumba

Ta zo. Da la'asar, na dawo ke nan ina cire takalmi, sai ga sallamar mai tabarau.

Falon yana nan yadda yake, tabarma ɗaya, filon Baba, bokiti, da shatar firij a jikin bango inda fentin ya fi haske. Babu inda za ta zauna, na kifa mata bokitin. Ta daɗe tana kallon Baba. Yau babu riga mai wuya, robar tana waje, plastar ta yi baƙi. Ya yi ƙoƙarin cewa lafiya lau, numfashin bai kai shi ba.

Ta ce da ni a hankali, "Na ga jikinsa. Amma na faɗa miki zancen falo."
Na miƙe na ce ta zo mu je. Sai na ji muryar Inna a bayana.
"Zauna da babanki. Ni na aro, ni zan nuna."

Ta riga ta yafa mayafi. Tsohon ne, na zaman gida, ba ta ma canza ba. Ta wuce gaba, matar ta bi ta. Baba ya yi min alama da hannu in bi su.

Gidan mai walda muka fara shiga. Matarsa tana shanya, ta saki zanen da ke hannunta. Inna ta wuce falonsu kai tsaye ta dafa kujerar ta ce, "A nan kika zauna. Ga ƙunar dutsen guga a hannunta, ita na rufe da ƙyalle ranar." Matar ta duba hoton wayarta, ta duba kujerar. Daga nan gidan malama, aka ɗaga teburi aka nuna kafet. Kafin mu fito mata sun fara leƙowa ta ƙofofi.

Sai shago. A nan ne mutane suke, masu sayen sabulu da masu zaman benci. Firijin yana nan cike da lemo. Na ɗauka Inna za ta yi ƙasa da murya. Ba ta yi ba. Ta dafa murfin ta ce, "Wannan na mai shago ne. Nawa na sayar. Kujeruna ma ba gyara aka kai su ba, sayarwa na yi, da talbijin, da kekena, har labule. Lemon da na ba ki ranar ma a nan na karɓa, ban biya ba tukuna. Mijina ba ya iya kwanciya. Ba mu da komai, 'yata. Rubuta haka."

Firijin yana ta gurnaninsa.

Matar mai walda ce ta biyo mu, ta kama hannun Inna, idonta ya cika. Ta ce, "Haba Inna, ai mun sani. Tun ranar da mai kura ya zo ya kwashi kayan muka sani."

Ita dai da kyakkyawar niyya ta faɗa. Amma na ga fuskar Inna. Watanni suna tambayarta ko mai gyaran ya gama, tana ce musu ya kusa, suna cewa ai masu gyara sai haƙuri. Duk layin suna taya ta riƙe ƙaryar don kada ta ji kunya, ita kuma tana ganin ta rufa mana asiri. Ta zare hannunta a hankali, ta gyara mayafi, ta juya gida ita kaɗai. Bayanta ya ranƙwafa, ban taɓa lura ta tsufa haka ba.

Abin da nake so ke nan tun ranar Alhamis ɗin can. Na samu. Kuma na kasa kallo.

Mai tabarau ta tsaya a bakin motar haya ta ce, "Zan rubuta abin da na gani. Ba ni ke yanke hukunci ba, kwamiti ne." Har ta sa ƙafa ta juyo ta ce, "Ki ce da mama ta yafe min." Ban san me za a yafe mata ba, aikinta take yi.

Inna tana ɗaki, fuskarta a bango. Na kai mata ruwa. Yana nan inda na ajiye.

Alhamis, 25 ga Satumba

Shiru. Wayar tana hannuna ko banɗaki zan shiga.

Juma'a, 26 ga Satumba

Na kai Baba asibiti hannu biyu babu komai. Mai walda ne ya ɗauko shi a bayansa har bakin titi, ba wanda ya roƙe shi. Na nuna wa Sista takardar ɗaukaka ƙara, na ba ta labarin Laraba, ina yi ina kuka kamar wata sakarya a gaban mutane. Ta shiga ofis ta daɗe. Ta fito ta ce an yarda a yi masa na yau a matsayin na gaggawa, gurbin kuma a riƙe zuwa Talata. Ta ce, "Talata fa. Bayan ita ko ni ba ni da baki."

Ya yi barci a kwance da muka dawo. Na zauna ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka.

Lahadi, 28 ga Satumba

Inna ta daina rufe ƙofar falo. A buɗe take wangam, duk mai wucewa yana ganin tabarma da bokiti. Ita kuma ba ta fita ko bakin ƙofa. Malama ta shigo da kwano a rufe, Inna ta amsa gaisuwa daga ɗaki ba ta fito ba. Na so in je in ja ƙofar, na rasa da wace fuskar zan yi.

Litinin, 29 ga Satumba

An amince. Wanki sau biyu a mako da magani, za a sake dubawa bayan shekara.

A gaban tanda na karanta, na zauna a kan buhun fulawa. Oga ya zo zai fara faɗa, ya ga fuskata, ya ce in tafi gida.

Baba ya ce, "To, a shirya mota gobe akwai sabis." Yaya ya kira yana ta ihu a waya. Na tsaya a ƙofar ɗakin Inna na faɗa mata. Ta ce, "Alhamdu lillahi." Ba ta juyo ba.

Talata, 30 ga Satumba

Sista ta buga hatimi a katin, ta ce sai Juma'a. Sai Juma'a. Na manta daɗin jin wannan maganar.

Asabar, 4 ga Oktoba

Takalmin Baba ya shiga ƙafarsa jiya.

An biya mu albashi. Na biya ta shago don in biya kuɗin lemon nan da biskit, mai shago ya ƙi karɓa, na ajiye masa a kan firij na fito. A hanya na ga ragowar yadi a wajen mai gwanjo, shuɗi ne mai ɗan kauri, ba wani mai kyau ba. Ban yi niyya ba. Na dai saya.

Da hannu na kalmashe bakinsa, ni da ban iya riƙe allura ba, na soke yatsana har na gaji. Na hau bokiti na zura shi a tsohuwar igiyar labulen, ashe tana nan ba a cire ba. Ina saukowa na ga Inna a tsaye a bayana. Ban san tun yaushe take wurin ba. Ta kama gefen yadin ta murza, ta bi ɗinkin da ido daga sama har ƙasa.

Ta ce, "Wannan ɗinki ne ko tafiyar maye? Sauko da shi. Kawo allurar."

Tana can bakin ƙofa a zaune tana warware min aikina, matar mai walda ta tsaya suna magana ƙasa ƙasa, har na ji kamar an yi dariya.

Ba don komai na sayo ba. Ranar yamma ce take dukan idon Baba. Ƙofar dai gabas take kallo, amma duk da haka.